Darbejiya Ba Ta Sallama

Darbejiya baƙuwa ce daga Indiya. A zamanin Turawan mulki aka kawo ta don inuwa da itace, ita kuwa ta ɗauka ƙasar aka ba ta dungurungum. Jemage ya tsotse 'ya'yanta da dare, ya yar da ƙwallon a fangalin alayyafonka, damina na sauka sai ga jarirai tsaye cirko-cirko.

Gane su ba wuya: bakin ganyen zarto-zarto, sabon toho ja-ja. Mai tantama ya tauna ɗaya, fuskarsa za ta ba da amsa.

Wanda ya ɗauko fartanya ya sare mata kai, aski ya yi mata. Kafin ya ankara ta tofo da kai uku. Dabarar ita ce ka jira ruwa ya jiƙa ƙasa, ka kama gindi ka tumɓuke har doguwar saiwar. In ta ƙi tasowa, to wataƙila daga saiwar uwarta ta gidan maƙwabci ta ɓullo ta ƙarƙashin katanga, sai diga da gatari. Shi kuwa maƙwabcin yana kishingiɗe a tabarma, yana jefo maka "sannu da aiki, Malam".