Furen Indiya a Falona

Uwargidana 'yar Maiduguri ce, kuma duk wanda ya auri 'yar Maiduguri ya san ba shi da ta cewa a kan ƙamshin gidansa. Da hannunta take haɗa turaren wutarta: itacen sandal, kajiji da farce, a jiƙa da madarar turare, a soya da suga, a rufe a kwalba har ya tsumu. Da za ta tafi bikin ƙanwarta sai ta kulle kwalaben a durowa ta wuce da makulli, wai ni ban san darajarsu ba.

Ba a jima ba falo ya ɗauki warin safa da kifin gwangwani. Na nufi shagon bakin layi. Mai shago ya miƙo mini wani dogon kwali mai hoton furen wardi, turaren tsinke ne daga Bangalore ta Indiya. Ba kasko, ba garwashi, ba fifita: tsinken gora ne da aka manna wa garin gawayi da na itace, aka tsoma a turare.

"Ɗaya ya ishi ɗaki, Alhaji," in ji shi.

To ai ni gida zan gyara, ba ɗaki ba. Na samo sabulun wanki na soka masa tsinkaye har ya koma kamar bushiya, na ƙyasta ashana, na rufe tagogi don kada maƙwabta su sha ƙamshina a bagas.

Da farko abin gwanin daɗi, har na miƙe ƙafa. Can sai atishawa ta ce salamu alaikum, idanu suka kawo ruwa, hoton aurenmu da ke bango ya ɓace a cikin hayaƙi. Ina laluben ƙofa na ji ana bugawa. Hajiya maƙwabciyarmu ce, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Baban Amira, hayaƙin wa ake yi wa? Ko gamo ka yi? Kada ka ɓoye mini, akwai mai ruƙiyya a bayan layi."

Na rantse mata fure ne. Ta ce haka duk suke cewa.

A sallar isha'i liman ya yi ta cewa a cike sahu, amma dama da hagu babu kafaɗar da ta yarda ta taɓa tawa.

Ranar da uwargida ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba. Ta shinshina labule, ta shinshina kujera, ta zo ta shinshina wuyan rigata.

"Malam, wace ce ta shigo mini gida?"

Na kawo kwalin, na kawo sabulun da ramukansa, na ce ga Hajiya nan shaida. Ta jujjuya kwalin ta zaro tsinke ɗaya da yatsu biyu, ta kai hanci, ta yi shiru.

"Na yarda da kai," ta ce. "Babu macen da ta san ciwon kanta da za ta kunna wannan. Aikin namiji ne."

Ina shirin murnar an wanke ni sai ta fara sauke labulaye tana jibga mini a hannu.

"Kai wa mai wanki. Ka biya shagon ka sayo gawayi. Kuma wannan rigar kada ta kwana a ɗakina."