Allah Ya Tsare Hula, Kai Ya Ji da Kansa

Duk shekara damina takan zo Kano a lokacin da ta saba zuwa, duk shekara kuma Bakano yakan tarbe ta da mamaki. Hadari ya haɗo daga gabas ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙura da ledoji, kowa na kallo. Sai ɗigon farko ya sauka a kan shadda sannan ka ji ana salati: "Kai, ashe ruwan nan da gaske yake!" A watan Agusta fa, tsakiyar marka.

Mai son ganin wannan al'amari da idonsa ya je ya tsaya a bakin ƙofar wata masana'anta a Sharada ko Challawa lokacin tashi daga aiki. A nan zai gane cewa a wurinmu jikin mutum shi ne abu na ƙarshe da ake karewa daga ruwa. Hula ce a gaba. Zanna Bukar ce, jiya aka karɓo ta daga wurin mai wankin hula, ta sha sitaci ta tsaya ƙyam. Sai a cire ta a hankali, a naɗe a baƙar leda, a cusa a ƙarƙashin riga, a bar ƙoƙon kai ya yi ta shan duka. Wasu gwanaye ma ba sa cirewa, ledar suke kifawa a kan hular tana bisa kai, kunnuwan ledar na reto a gefen fuska. Daga hula sai waya, daga waya sai takalmi. Za ka ga magidanci ya riƙe takalminsa a hannu yana tsoma ƙafa a ruwan Challawa, unguwar masana'antun jima, inda ruwan kwata kan fito da launin da ko marinar Ƙofar Mata ba ta san shi ba. Ka ce masa, "Malam, ƙafarka fa?" Ya ce, "Ai ita ba saya na yi ba."

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, a Sharada ake ƙera kayan roba iri-iri: bokiti, kujera, silifa, tabarma, da ita kanta ledar. Mutumin da ya yini yana kwasar leda daga bakin inji, shi ne zai fito ya tsaya gaban mai shayi yana cewa, "Don Allah, maigida, taimaka min da leda ɗaya." Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

To me ya hana a sayi rigar ruwa? Ba tsada ba ce, domin wanda ya iya ɗinka Gezna ɗin da aka saƙo a Ostiriya ba zai kasa sayen rigar roba a gwanjon Ƙofar Wambai ba. Girma ne. A idon jama'a rigar ruwa kayan mai gadi ce, ko ɗan sandan kan hanya, ko ɗan acaɓa. An hana acaɓa a Kano tun watan Janairun 2013, amma har yau in ka sa rigar ruwa ka hau babur ɗinka, sai wani ya ɗaga maka hannu ya ce, "Kwanar Ganduje nawa?" Wane akawu ne zai jure wannan?

Manajan masana'anta a Bompai shi ba ruwansa, a zahiri da baɗini. Tsakanin ƙofar mota da ƙofar ofis taku biyar ne, masinja na biye da lema. Iska ta juye lemar ta koma tana kallon sama, masinja ya jiƙe sharkaf, Yallaɓai ya shige yana cewa, "Alhamdu lillahi, damina ta yi kyau bana."

Wanda ya cancanci tausayi shi ne na tsakiya: ma'aikacin da ke da babur Lifan, ke da babbar riga guda ɗaya ta fita kunya, kuma ɗaurin auren 'yar shugaban sashensu ya faɗo ranar Asabar da safe ana yayyafi. A ƙarshe ya haɗiye girman ya aro rigar ruwa. Ita kuwa an yanka ta ne don mai shat da wando, ba ta san da zaman yadi goma ba. Sai ya tattaro hannayen babbar riga ya cusa, ya tura gaba ya tura baya, zif ya ƙi hawa, uwargida ta taya shi ja. Ya fito tsakar gida kamar buhun auduga. Bai kai titin Panshekara ba iska ta sami ƙofa ta ƙasa, rigar ta kumbura, gefen shadda ya zazzago yana lasar taɓo, hannu ɗaya na riƙe da kan babur, ɗayan na fama kada sarƙa ta cafke rigar. Tirela ta zo ta taka kududdufi ta ƙarasa aikin. Ya isa wurin ɗaurin aure an shafa fatiha, amma da ya zaro hula daga leda, ga ta nan garau. Sai ya kafa ta a kan jiƙaƙƙen kai ya shiga gaisawa.

Ba mu kaɗai Allah ya jarraba da kayan gargajiyar da ba sa shiri da iska ba. A Sikotlan, can arewacin Birtaniya, maza na ɗaura wani zanen ulu mai tattara a baya, iyakarsa gwiwa, wanda kan ci yadi takwas. Ƙasarsu kuwa ruwa da iska ne abincinta. Su sai suka zauna suka yi tunani. Suna maƙala wani ɗan ƙarfe a gefen zanen don ya yi nauyi, iska ba ta tona asiri ba. Suna kuma da wata alkyabbar ruwa mai sunan garin Inbanes, doguwa, marar hannu, da ke rufe mutum da zanensa, har mai busa algaitarsu ta jaka yakan yi busarsa a cikin ruwa ba tare da ya takura ba. Wato sun ɗinka wa kayansu rigar da ta dace da su, kuma ba wanda ke musu kallon masu gadi.

Kakanninmu ma ba su zauna haka ba. Manomi da makiyayi sun san kabido, wanda ake saƙawa da kaba ya rufe kai da baya, ga kuma malafa. Mu da muka waye, muka cika unguwanni uku da injuna, leda muka samo.

Akwai dai fa'ida guda da ruwa ke kawowa: ladabi. Da rani ba mai son zaman tsakiya a adaidaita sahu. Ranar ruwa kuwa, da yake tampol ɗin gefe ba ya tare komai, sai ka ga mutum biyu sun tsaya suna girmama juna. "Bismillah, Alhaji, fara shiga." "A'a, Malam, ai kai ne babba." Kowa ya san wanda ya fara shiga shi zai matsa can ƙarshe ya sha feshi. Ɗan sahu na kallonsu, ya riga ya ninka kuɗin.

Na kai wa telana shawarar ya ɗinka rigar ruwa mai faɗin babbar riga, wadda za ta rufe mutum tun daga wuya har idon sawu. Ya ajiye almakashi ya dube ni.

"Alhaji, aska biyu za a yi mata ko aska takwas?"

Na ce rigar ruwa ce fa, ba ta buƙatar aiki.

Ya ce, "In ba aiki ba wanda zai saya. In kuma an yi mata aiki, to sai an nemo ledar da za a rufe ta."