Wasiƙa Zuwa Ga Fiyanon Situdiyo

Ranka ya daɗe Fiyano, sarkin situdiyon Kano, mai haƙora farare da baƙaƙe.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan wutar da ake ɗauke mana ba ta ƙona maka ciki ba, ga dalilin wannan takarda.

Jiya da dare ɗan ƙanwata ya nuna mini wani fim a wayarsa, wai shi Mamma Mia! Ya ce tsofaffin waƙoƙin ABBA, mawaƙan ƙasar Siwidin, aka tattara aka ɗinka musu labarin aure. An fara yinsa a dandamali a Landan a 1999, a 2008 ya zama fim. Har Fela ma, in ji shi, an yi wa nasa waƙoƙin wasan dandamali a Amurka, aka kawo shi Legas a 2011. Sai ya ce, "Kawu, ai saura Shata." Na kwanta ina murmushi. A 1999 ɗin nan Dokta Mamman Shata ya rasu, aka binne shi a Daura, nan gaba da mu kaɗan in ka miƙe kan titi. Tun lokacin nake jiran ranar da zan zauna a gidan kallo in ga an buɗe fim da Bakandamiya. Har na fara raba wa jarumai matsayi a zuciyata kafin barci ya ɗauke ni.

To yau da safe na shiga motar Roni, direba ya kunna mana abin da ya tsinke mini wannan mafarki. Muryar Shata ce, ba shakka. Amma an zare kalangun kamar yadda ake zare ƙaya daga kifi, an dasa ka a wurin, kana ta tin-tin-tin irin na mai tallan askirim. Nan na tuna cewa duk ranar da aka tashi yin fim ɗin da nake jira, kai za a kira.

Kai Fiyano, wa ya aike ka? Kalangu magana yake yi. Makaɗi ya rungume shi a hammata, ya matse, ya saki, murya ta hau ta sauka, har ka ji sunan mutum ya fito daga fata. Shata ya jefa magana, 'yan amshi su cafe, kalangu ya ƙara gishiri, kuntukuru na biye a baya. In wani ya shigo fili da babbar riga, nan take waƙa ta karkata ta same shi. Kai fa? An danna maka maɓalli ɗaya, kana nan kana maimaita abu guda har man janareta ya ƙare. Ba ka san Sarki ya iso ba, ba ka san an yi liƙi ba. Kiɗan biki da na makoki duk ɗaya ne a wurinka. Ka ce kana da ganga a ciki, kana da sarewa, kana da algaita. Mun ji. Duk muryar agwagwa ce.

Ƙawarka kuma, na'urar nan mai mayar da muryar ƙato ta koma ta sauro, ka gaya mata ban manta da ita ba.

Labarin ma ban san yadda za a ɗinka shi ba. Waƙoƙin ABBA soyayya ce da rabuwa, allura na shiga da sauƙi. Shata kuwa sarakuna ya yi wa, da direbobi, da attajirai, da wanda ya ɓata masa rai. Saurayi zai durƙusa a bakin dam ɗin Kazaure ya rera wa budurwa Gagarabadau ke nan? Ko su hau duwatsun Roni da anko, a canza kaya sau bakwai, ana rawar Kumbo Apollo 11? Wallahi ko haka aka yi zan biya kuɗin kujera, in dai hammata ce ke matse kiɗan.

Saboda haka ina roƙon arziki, ranka ya daɗe. Ranar da aka fara ɗaukar fim ɗin, ka yi tafiya. Ka je Babura, daga nan Nijar ba nisa, akwai bukukuwa.

Direban kuma ya ƙi mayar mini da kuɗina da na ce zan sauka a hanya. Naira ɗari biyar ce, na rubuta ta a kanka.

Naka mai jira,
Wani tsohon mai rediyo, Kazaure.