Launi Bakwai, Ranar Biki Babu

Duk wanda ke cikin zauren dangi a WhatsApp ya san irin katin. Jikinsa kore shar, an yayyafa masa furanni ruwan hoda, sunan ango da amarya da ruwan zinare mai walƙiya, ga zobba biyu da tattabaru a kusurwa. Can ƙasa, da jan rubutu siriri, aka maƙala ranar ɗaurin aure da masallacin da za a ɗaura. Abin da aka yi katin dominsa shi kaɗai ne ba ya karantuwa. Ana turawa sai amsoshi su fara zuba: "Allah ya sanya alheri. Yaushe ne?"

Ba kasafai laifin yake kan yaron da ya zana ba. Yana zaune gaban CorelDRAW ko Canva, ya zaɓi launi biyu masu jituwa, sai Hajiya uwar amarya ta leƙo. "Kai yaro, wannan ai sanarwar rasuwa ce. Ƙara masa kala." Ya ƙara. "Ina launin ankon?" Ankon kuwa uku ne: na kamu daban, na dina daban, na ƙawayen Hajiya daban, kuma kowanne sai ya samu wakilci a kan katin. Farin wuri a wurinta tamkar fili ne a tsakiyar Kano, ba a barinsa haka sai an yi gini.

Alhali karantuwar rubutu aunata ake yi, ba ra'ayi ba ne. A 2008 ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta sa ma'auni cewa bambancin haske tsakanin rubutu da abin da ke bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1, manyan haruffa kuma 3 bisa 1. Baƙi a kan fari 21 ne, nan ma'aunin ya tuƙe. Ja zir a kan kore shar bai kai 3 ba. Rawaya a kan fari, wanda masu tallar data da turaren wuta suka ɗauka gado, da ƙyar ya haura 1, wato da shi da babu rubutun duk ɗaya. Ga kuma kawu mai shekara sittin da zai karanta a tsakar rana, a kan wayar da allonta ya tsage.

Akwai ma waɗanda ja da kore ke rikice musu tun haihuwa. A cikin Turawa, kusan namiji 1 cikin 12 na da wannan lalura. Mark Zuckerberg na cikinsu, shi ya sa Facebook ya zama shuɗi. Mutum da dukiyarsa ta fi ta dangin amarya da na ango a haɗe ya haƙura da launi guda, amma Hajiya ta rantse bakwai ne mafi ƙaranci.

Masu ƙawata ɗaki na da tsohon lissafi da masu zane suka ara: kashi 60 ga babban launi, 30 ga mai bi masa, 10 ga wanda zai ja ido. Marinan Ƙofar Mata ma, da ake cewa suna nan tun 1498, da baba kaɗai suka yi suna har ƙetaren Sahara. Jikokinsu ne aka ba launi sama da miliyan 16 a allon waya, suka ga rashin godiya ne a bar wani a baya.

Rigimar ƙarshe a maɗaba'a ake yinta. Allon waya da haske yake haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, shi kuwa injin bugu da tawada huɗu yake aiki, kuma tawada ba ta iya kamo ƙyallin haske. Sai koren nan mai tsole ido ya fito kamar ya kwana uku bai ci abinci ba. Alhaji uban amarya ya ɗaga kati ɗari biyar, ya dubi waya, ya dubi takarda, ya ce wa mai injin ya ji tsoron Allah ya dawo da ragowar tawadar da ya rage.