Neman Kogin Jakara da Ƙafa

Tun da ɗan yayata ya dawo daga karatu a Italiya, majalisarmu ta Bilbis ba ta sake jin zancen kuɗin taki ko na masara ba. Benis da safe, Benis da dare. Wai birni ne da aka dasa kan tsibirai 118 cikin ruwan gishiri, gadojinsa sun haura 400, ba mota, ba kabu-kabu, ko keke ba a yarda ka hau ba. In surukarka za ka gaisar, ko ka taka sayyadarka ko ka shiga kwalekwale. Marar lafiya ma a jirgin ruwa ake kai shi asibiti. Ya ce tun 2024, a wasu ranaku, baƙon da ya zo yini sai ya biya Yuro 5 kafin a ba shi izinin wahalar da ƙafafunsa. Dattawa sai "ikon Allah" suke yi. Ni kuwa abin yana cina, don ni ne tsohon malamin tarihi a wurin, kuma kafin yaron nan ya dawo ni ake tambaya labarin duniya.

Ran nan na gaji na ce, "Kai wanga yaro, duk abin da kaka hwaɗi akwai shi Kano. Tsohon birni, lunguna, ga kogi ya ratsa ta tsakiya. Jakara sunanai."

Na kuma ƙara masa da abin da malamansa ba su gaya masa ba. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya shiga Kano a 1851, cikin hajar da ya lissafa a kasuwa har da duwatsun ado na Benis, waɗanda raƙuma suka ɗauko daga Tarabulus suka keto Sahara da su. Takardar nan mai tambarin jinjirin wata uku, wadda malamanmu suka rubuta Alƙur'anai a kanta, daga arewacin Italiya ake kawo ta. Ashe ko su Benis ɗin, mu ne abokan cinikinsu.

"Kawu, kai ka taɓa ganin kogin?"

"Na karantar da shi shekara da shekaru," na ce. Aka sa rana.

Muka bi ta Tsafe, Yankara, Funtuwa, Malumfashi, Gwarzo, muka shiga ta Kabuga, muka sauke jaka gidan wani ɗan garinmu a gindin Dala. Washegari na kafa doka biyu: ba adaidaita sahu, ba duba taswirar waya. Tunda a Benis da ƙafa ake yi, mu ma da ƙafa. Mutumin da ya tashi yana zuwa gona tun asuba, wane gari ne zai gajiyar da shi? Na saka farar babbar riga da sabon takalmi sau-ciki da na saya a Gusau, don kada Kanawa su raina Zamfara.

Muka fara da Dutsen Dala. A matakalar farko na soma bayanin Barbushe da Tsumburbura, a tsakiya na kawo zuwan Bagauda a 999, kafin mu kai sama bayanin ya koma haki. Daga can ana ganin Goron Dutse, da hasumiyoyin babban masallaci, da rufin kwano iya ganin ido. Ruwa dai babu ko na alwala.

"Kawu, ina kogin?"

"Gidaje sun kare shi. Mu sauka."

Daga saukarmu lungunan birni suka karɓe mu. Wanda bai shiga ba ba zai gane ba. Tafiyar daji, ko ta fi haka nisa, kana da rana, kana da kuka ko tsauni da za ka sa a gaba. Nan kuwa katanga dama, katanga hagu, kwata a tsakiya, hanya tana murɗewa kamar hanjin rago a faranti. Ka shiga lungu da faɗinsa, kafin ka ankara ya tsuke har sai ka tattare hannun riga ka bi a karkace, sannan ga mai kurar ruwa ya taho da jarkoki, shi ba ya ja da baya, kai ba ka da inda za ka raɓe. Ka tambayi hanya, amsar Bakano ɗaya ce: "Miƙe kawai, Alhaji, nan gaba kaɗan." Ina za a miƙe a inda babu abin da ya miƙe? Akwai wata tsohuwa mai suyar awara da muka yi ta wucewa ta gabanta, har ta daina amsa sallamarmu ta fara tambayar ko wani abu muka yar.

Wani lungun da na rantse zai ɓulle Kurmi, sai ya ƙare a ƙofar zaure cike da mutane kan tabarmi. Juyawa ba ta yiwu ba, don an riga an amsa sallama, an matsa mana wuri, an miƙo goro da alawa. Suna ake yi. Wani dattijo ya dubi rigata da furfurata, ya yanke hukuncin cewa ni ne malamin da dangin uwa suka ce zai zo daga nesa.

"Allah gafarta Malam, a sa mana albarka."

Ɗan yayata ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Na ɗaga hannu na yi addu'a mai tsawo, na roƙa wa yaron ilimi da jarunta, Allah ya sa ya gaji ubansa, ya ba shi mata ta gari. Aka shafa a sanyaye. Na kusa da ni ya raɗa mini cewa mace ce. Kafin in gyara, maroƙi ya miƙe ya ɗora mini kirarin da ko hakimi sai ya yi murmushi, bai kuma sauka ba sai da kuɗin abincin ranarmu suka koma aljihunsa. Wani yaro aka haɗa mu da shi ya fitar da mu, ina jin don kada in sake wata addu'ar.

Kasuwar Kurmi dai ta fitar da ni kunya. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, take ci, kuma har yau ga dukawa da jakunkuna da titimi, ga masu sirdi da linzami, ga 'yan littattafai, ga ƙamshin kanumfari da turaren wuta yana bin rumfuna. Yaron ya yi shiru yana kallo, har ya ce matsin hanyoyin ya tuna masa da kasuwar gadar Riyalto ta Benis. Sai na zarce rumfar mai duwatsun wuya, na ɗaga wani jan tsakiya na ce da ƙarfi, "Ga irin na Benis ɗin da nika gaya maka."

Mai rumfa ya ce, "Ɗan Caina ne, Alhaji, amma ba ya kodewa."

A lokacin sabon takalmin ya gama da dugadugaina. La'asar ta kawo jiki. Muka fito wani titi mai faɗi, na ga wani tsoho yana fere rake, na ce yau sai an yi ta ta ƙare.

"Baba, don Allah ina kogin Jakara?"

Ya dube ni, ya dubi ƙafata. "Ai a kansa kake tsaye."

Ya yi mana bayani yana fere rakensa. Zamanin mulkin Kwankwaso na biyu aka fara aikin zuba wa rafin kankare a shimfiɗa titi a bisansa, shi ne ake ce wa Wuju-Wuju. Wanda duk ya taso daga Dala zuwa Kurmi sai ya tsallake shi. Wato tun hantsi muka haye kogin, wataƙila ma muka sake hayewa, muna ta cigiyarsa. Ya nuna mana can gaba inda ruwan yake a buɗe.

Muka je. Ba zan ɓata wa Kano suna ba, ruwa dai akwai shi, yana kuma tafiya, baƙi wuluk, ɗauke da ledoji da robobin lemo. Ɗan yayata, da yake ɗan halak ne, ya ce ai Benis ma in zafi ya yi magudanunta suna bugun hanci.

"To ka gani!" na ce. "Mi na ce maka?"

Na matsa baki don in nuna masa inda ruwan ya nufa, na ɗaga ƙafar da ta fi ciwo in ɗan sassauta dunduniya. Takalmin ya zame. Ban ji faɗuwarsa ba, sai ganinsa na yi a kan ruwa, bakinsa sama, yana tafiya a natse.

"Kawu, ga kwalekwalen ma ya samu."

Wani almajiri ya bi shi da gora ya tsamo, ya tsaya nesa ya faɗi kuɗinsa. Na ce takalmina ne. Ya ce da nawa ne, amma yanzu daga ruwa ya fito. Na sake sayensa, ba ragi.

Game da doka ta farko kuwa, na yi nazari a tsaye da ƙafa ɗaya, na gano cewa ba a karya ta ba in an hau adaidaita sahu, tunda mutanen Benis ma in sun gaji kwalekwale suke shiga, har baƙi su biya Yuro 90 ko fiye na rabin awa. Yaron ya tare mana ɗaya. Direban ya ji sunan unguwar masaukinmu ya yi dariya, ya ce ai ga ta nan bayan wancan masallacin. Sannan ya shaƙi iska, ya dubi abin da ke ɗiga a hannuna.

"Alhaji, kai da yaronka ku shiga. Takalmin sai dai ya biyo mu a ƙafa."