Iddar Hoto Kwana Talatin Ce

Masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano da Banex ta Abuja suna da kwastomomi iri biyu. Na farko yana zuwa da fasasshen gilashi, ya ɗaga murya ya faɗi yadda wayar ta faɗo daga kan babur, a yi ciniki, a gyara, ya kama gabansa. Na biyu kuwa wayarsa lafiya lau take, ko ƙwarzane babu. Shi ne za ka ga yana zagaye teburi yana taya cajar da ba zai saya ba, sai mutane sun ragu sannan ya sunkuyo ya rage murya: "Injiniya, don Allah wasu 'yan hotuna ne suka goge." Su ne fa suka goge. A bakin mai wannan lalura, hoto yakan tashi da tsakar dare ya fice ba sallama, mai waya yana barci, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ni dai abin da na yarda da shi shi ne, yawancin hotunan da ake yawon neman dawo da su ba yatsa ne ya zame ya tafi da su ba, zuciya ce ta kore su. Goge hoto ya zama salon faɗanmu na wannan zamani. Saurayi ya kira sau uku ba a ɗauka ba, kafin a kira isha'i ya share soyayyar shekara biyu daga wayarsa. Ƙawar amarya an manta da ita wajen rabon anko, ta goge hotunan kamu da na dina, har da waɗanda ita ce ta fi kowa kyau a ciki. Gwanayen wannan fanni kuwa 'yan siyasa ne da 'yan korensu. Ranar da Mai Girma ya faɗi zaɓe, hoton da aka yi turereniya aka sha gwiwar hannun ɗan sanda kafin a ɗauka da shi, ya bi ruwa. Bayan wata shida sai a ji sunan Mai Girma a jerin sababbin naɗe-naɗe, sai ga mutuminka a gaban mai gyara yana gumi, domin hoton nan shi ne kaɗai shaidar da zai nuna wa mai gadi a ƙofar ofis cewa shi ɗan gida ne tun ana tafiya a ƙasa. Haushin kaza muke hucewa a kan dami, kuma damin namu ne.

Wanda yake ganin ƙazafi nake yi wa jama'a, ya dubi yadda masu ƙera waya suka tsara ta, don kamfani ba ya ɓata kuɗinsa wajen gina abin da ba a buƙata. A 2014, da Apple ya fito da iOS 8, ya ƙara wani akwati na musamman inda duk hoton da aka goge zai je ya zauna kwana 30 kafin ya tafi gaba ɗaya. Manhajar hotuna ta Samsung ita ma tana da kwandon shara mai riƙe hoto kwana 30, Google Photos shi ma yana da nasa. Wato injiniyoyin Kalifoniya da na Koriya sun zauna sun nazarci ɗan Adam, suka gano abin da shari'a ta daɗe da sani: mai fushi yana yanke hukuncin da zai yi kuka a kansa, saboda haka a ba shi idda. Danna "goge" saki ɗaya ne. Cikin kwana talatin kana da damar kome, ba sabon sadaki, ba shiga tsakanin waliyyai. Waya ma ta fi yawancinmu bin ƙa'ida, tunda tana barin wanda aka saka ya yi iddarsa a cikin gida, ba a watso masa kaya waje. A 2022 kuma, da iOS 16, Apple ya sa wa wannan akwati makulli, sai da fuskar mai waya ko lambarsa ake buɗewa. Ban san wane ne ya kai musu labari ba, amma da alama sun ji cewa masu binciken wayar miji da masu binciken wayar mata sun daina ɓata lokaci a kan hotunan da ke fili, kwandon shara suke fara leƙawa.

Matsalar ita ce fushinmu ba ya tsayawa a saki ɗaya. Mutum zai goge, zuciya ba ta yi sanyi ba, ya bi hoton har cikin kwandon shara, wayar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Ya cika uku ke nan a zama ɗaya. Daga nan abin da ke faruwa a cikin na'urar ya cancanci a fahimce shi, domin a nan ake cin kuɗin mutane. Ma'ajiyar waya ba ta ƙone hoto nan take. Sunansa take cirewa daga jerin abin da ke ciki, ta rubuta cewa ɗakin ya zama fanko. Kayan tsohuwar matar suna nan jibge har ranar da amarya za ta tare, a kwashe su a zuba nata. Amarya a nan ita ce duk wani sabon abu da ya shigo wayar: sabon hoto, bidiyon da aka turo, manhajar da aka sauke. Shi ya sa dokar farko ga mai son ceto hoto ita ce ya daina amfani da ma'ajiyar. Idan hotunan a kan memori suke, wato ɗan katin nan da ake zurawa, a zare shi, a sa a kwamfuta, a bi shi da manhaja irin PhotoRec ko Recuva, sau da yawa a dace. Idan kuwa a cikin wayar kanta suke, labari ya sha bamban. Wayoyin zamani suna da tsarin da ke bi yana share wuraren da aka ce fanko ne, kuma tun daga Android 10 na 2019 wajibi ne sababbin wayoyi su riƙa rufe fayiloli da rubutun sirri, kamar yadda iPhone ya daɗe yana yi. Ko an tono ragowar, tarkace ne da ba mai iya karantawa.

To me mutuminmu yake yi da ya gane ya yi aika-aika? Sai ya sauke manhajojin dawo da hoto guda biyar a cikin wayar da hoton ya ɓata, wato ya ɗaura aure biyar a ɗakin da yake son tsohuwar ta dawo. Kowace manhaja ta nuna masa talla goma, ta juya wata ƙaramar da'ira na minti ashirin don ya san ana aiki, sannan ta zazzago masa hotuna dubu biyu: tambarin banki, fuskokin mutanen da bai taɓa gani ba, takalmin da ya taɓa dubawa a intanet. Idan ya yi sa'a ya ga nasa, to ɗan ƙaramin kwafin ne da wayar ke ajiyewa don saurin nunawa, dishi-dishi, ba a bambance amarya da uwar biki. Don a ba shi ko da wannan ɗin, sai ya biya.

Za a ce mini ba kowa ne ke gogewa don fushi ba, wani wuri ne ya ƙare masa. Gaskiya ne, mai Tecno ko itel mai gigabait 32 ya san azabar saƙon nan na cewa ma'ajiya ta cika, wanda ba ya zuwa sai daidai lokacin da ango ya shigo fili. Amma a buɗe wayar a ga abin da ya cika ta. Katin "Barka da Juma'a" mai fure da hasumiya, daga guruf ɗin dangin uwa, da na dangin uba, da na tsofaffin ɗalibai, da na masallacin unguwa, kowane mako, shekara da shekaru. Bidiyo ɗaya na maganin basir ya shigo sau bakwai ta hanya bakwai. Hoto arba'in na tsayuwa ɗaya ranar Sallah, bambancinsu kawai inda aka karkatar da hula. WhatsApp yana da wurin da za a hana shi sauke duk abin da aka turo, aikin minti ɗaya ne, ba mu da lokacinsa. Ranar da wuri ya ƙare, ba ma iya taɓa katunan Juma'a saboda akwai addu'a a jiki, hannu yana nauyi. Ba ma iya zaɓar ɗaya daga cikin arba'in saboda duka mun yi kyau. Sai a danna "zaɓi duka" a wani tsohon kundi da ba a duba ba, hoton kaka na ƙarshe ya tafi tare da rasit ɗin kuɗin wuta. Wannan ma ai zuciya ce, ƙanwar fushi ce mai suna gajen haƙuri.

Akwai kuma masu cewa yaro ne. Yaron gidan Bahaushe ya ɗauki laifin da ya fi ƙarfin shekarunsa. Ɗan shekara uku, wanda bai iya ɗaura wandonsa ba, shi ne ya buɗe waya mai lambar sirri, ya tsallake hotuna dubu huɗu, ya zaɓi na mutum ɗaya tak, ya goge, ya shiga kwandon shara ya sake gogewa, ya amsa cewa ya tabbata. Irin wannan yaro bai kamata a dake shi ba, makarantar kwamfuta ya kamata a kai shi.

Ƙorafin da ba zan yi wa dariya ba shi ne na wanda aka yi wa ƙwacen waya, ko wayarsa ta faɗa ruwa, hotunan mahaifinsa da ya rasu suka tafi da ita. Wannan rashi ne na gaske, kuma ba shi ya jawo ba. Sai dai ko a nan akwai tambayar da ba a son ji. Google yana ba kowane mai asusu gigabait 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Google Photos suke rabawa, Apple kuma yana ba da 5 a iCloud. Ba su da yawa, musamman tun 1 ga Yunin 2021 da Google ya daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka, amma sun ishi hotunan da mutum zai yi kuka a kansu, don waɗannan ba su kai ɗari biyu ba a yawancin wayoyi. Za a ce data ta yi tsada, kuma ta yi, tunda a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Amma datar da ke isa kallon TikTok har ƙarfe biyun dare ba za a ce ta gaza ɗaukar hoton Baba ba. Abin da ya fi ban takaici, wani hotunansa suna can a ajiye lafiya a intanet bai ma sani ba, kuma ba zai iya shiga ba, domin yaron shagon da ya sayar masa da wayar ne ya buɗe masa imel, ya rubuta kalmar sirrin a bayan kwali, kwalin kuma an hura gawayi da shi. Iyayenmu da suka je situdiyo sau biyu a rayuwarsu, aka wanke hoton aka sa a firam, har yau nasu yana rataye a bango.

Abin dariyar shi ne, hoton da kake roƙon Allah ya ɓata shi ne ba ya ɓata. WhatsApp ya kawo damar goge saƙo ga kowa a 2017, amma yana barin sanarwa cewa an goge wani abu, wadda ta fi saƙon kansa tayar da fitina, ga kuma masu jabun WhatsApp da ke hana gogewar aiki, ga masu ɗaukar hoton allo cikin daƙiƙa biyu. A 2014 kamfanin Avast ya sayi tsofaffin wayoyin Android guda 20 waɗanda masu su suka yi imanin sun share su tas, ya tono hotuna sama da 40,000 daga ciki. Rubutun sirri ya toshe yawancin wannan ƙofa a yau, amma memorin da aka manta a cikin wayar da aka sayar yana nan yadda yake. A Mayun 2024 kuma, bayan sabuntawar iOS 17.5, wasu masu iPhone suka wayi gari suka ga hotunan da suka goge shekaru da suka wuce sun dawo sun zauna a cikin sababbi, sai da Apple ya fitar da 17.5.1 don gyara. Allah kaɗai ya san gidaje nawa aka kwana ana bayani.

Wannan ne ma ya sa nake cewa girman kai ne ke ciyar da kasuwar dawo da hoto. Kusan duk hoton da ya isa a yi kewarsa an taɓa tura wa wani. Yana wayar ƙanwarka, yana guruf ɗin dangi a wayoyi sittin, yana wurin mai hoton biki, kuma tabbas yana wurin wanda kuka yi faɗan da shi. Saƙo ɗaya zai dawo da shi garau, kyauta. Amma tura wannan saƙo yana nufin amsa cewa ka goge, amsa hakan kuma yana nufin ba da haƙuri. Sai mutum ya gwammace ya miƙa wayarsa a buɗe, da lambar sirrinta, da manhajar bankinsa, da duk hotunan da bai goge ba, ga wani saurayin da bai san sunansa ba, ya ce zai dawo bayan la'asar. Masu gyara da yawa mutanen kirki ne masu riƙon amana, amma ba a rubuta wa kowa a goshi ba.

Saboda haka, mai karatu, idan abin ya same ka, fara leƙa kwandon shara, sannan ka duba Google Photos ko iCloud, sannan ka haɗiye girman kan ka kira wanda ka tura wa. In a memori ne, zare shi yanzu ka kai wa mai kwamfuta, kana tsaye a yi aikin. In kuwa a cikin wayar ne, ka bi shi har kwando ka goge, ba ka ajiye a ko'ina ba, ba ka tura wa kowa ba, to riƙe kuɗinka, Injiniya ba shi da abin da zai yi maka.