Ku Saurara wa Namijin Dare, Ku Je Likita

To, Inna, na ji ki. Kin ce surukarki wata huɗu ba ta ga jini ba, don haka ciki ne, sai dai ya kwanta. Allah ya tashe shi lafiya. Amma fa cikin nan tun bara yake kwance. An yi shuka, an yanke hatsi, an ɗaure dammuna an kai rumbu, shi ko juyi bai yi ba. Su kuma ƴan majalisar bakin tasha a Tasawa tuni suka yanke hukunci: namijin dare ne. Wannan aljani ya sha zargi daga Korgom har Kananbakashe, kuma ba wanda ya taɓa jin ta bakinsa.

Akwai wani ciwo da likitocin Nijar ke kira SOPK, na Nijeriya su ce PCOS. A ƙa'ida, kowane wata ƙwai ɗaya ke nuna ya fito daga ma'ajiyar ƙwan mace. A wannan ciwo sai sinadarin namiji, wanda kowace mace ke da kaɗan a jikinta, ya yi yawa. Ƙwayayen su taso da yawa su tsaya ɗanyu, ba mai nuna. Ƙwai bai fito ba, al'ada ta rikice, ciki ya ƙi shiga.

Na san abin da za ka ce, Alhaji: ciwon matan Turawa ne, mu nan haihuwa muka iya. Gaskiyarka, binciken 2012 ya ba macen Nijar ƴaƴa 7.6. To, a irin wannan ƙasa wa ya fi shan gori da habaici kamar wadda ta shekara biyar ba goyo? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon yana kama mace 6 zuwa 13 cikin 100 na masu shekarun haihuwa, kuma har 70 cikin 100 na masu shi ba su san suna da shi ba. Ba ta cire Mayahi daga lissafin ba. Ba kuma sabo ba ne, tun 1935 likitoci biyu, Stein da Leventhal, suka bayyana shi a Shikago ta Amurka.

Alamomin a fili suke. Al'ada takan wuce kwana 35 ba ta zo ba, ko ta kasa zuwa sau 8 a shekara. Gashi a haɓa ko ƙirji, wanda Hajiya ke tsigewa a ɓoye. Ƙuraje a fuska bayan an daɗe da wuce ƙuruciya. Tumbi. Bayan wuya ya yi baƙi, a yi ta dirza da soso ana zaton dauɗa ce, alhali jiki ne ya fara gardama da insulin, wato hanyar ciwon suga ke nan. Ke siririya, kada ki yi murmushi, yana kama irinku ma.

Mai lasifika a kasuwa zai ce sanyi ne. A wurinsa ai ko targaɗe sanyi ne.

Likita ba ya duba da ƙasa. Tun taron Rotadam na 2003, abu biyu cikin uku yake nema: rikicewar al'ada, alamar yawan sinadarin namiji, da hoton ekogarafi mai nuna ƙananan ƙwayaye sun taru. Sai ya tabbatar ba ciki ba ne, ba kuma matsalar maƙoƙo ba. A fara daga cibiyar lafiya ta CSI wurin ungozomar likita, ta tura asibitin gunduma, in abin ya fi ƙarfinsu a wuce cibiyar uwa da yaro ta Maraɗi.

Ciwon ba ya warkewa kwata-kwata, amma ana sarrafa shi. Rage ƙiba kaɗan kan dawo da al'ada. Akwai magungunan nunar da ƙwai kamar letrozole da clomifene, mata da yawa sun haihu da su, sai dai likita ke rubutawa, ba mai tebur ba. Ko wadda ba ta neman ciki, in ta wuce wata uku ba jini ta je, domin bangon mahaifa yana kauri, daɗewar hakan na iya jawo sankara.

Kai kuma maigida da har ka fara tambayar kuɗin lefe, ka raka ta. Akwai ƴar kwalbar gwaji taka ma. Ke kuma baiwar Allah, ki riƙa rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke, ki tafi da takardar.